Dokar Da Ta Kare Baƙo A Badun Ita Ce Ta Kare Baƙo A Kano

Wannan jawabi ne da wani tsohon malamin makaranta, ɗan Arewa wanda ya daɗe yana koyarwa a Kudu, ya yi a gaban iyayen yara da malaman Islamiyya a unguwar Sabo ta Badun, a kan koya wa yara haƙƙin ɗan Adam. An kawo shi kusan dukansa, gaishe-gaishe kaɗai aka rage.

Bayan ya gai da Sarkin Hausawa da limamai da dattawan unguwa, malamin ya ce mutane da yawa suna ɗaukar maganar haƙƙin ɗan Adam kamar magana ce ta lauyoyi da 'yan boko, wadda ba ta shafi mai sayar da goro ko mai tura baro ba. Ya ce wannan kuskure ne babba, gama ba wanda ya kai baƙo bukatar sanin haƙƙinsa. Mutumin da ke zaune a garinsu yana da dangi, yana da mai unguwa, yana da waɗanda suka san kakansa. Amma wanda ya baro Kano ko Sakkwato ko Katsina ya zo Kurmi cin rani, har ranin ya zama shekara talatin, ba shi da wata katanga sai doka da kirkin maƙwabta.

Ya tuna wa jama'a cewa Sabon da suke zaune a ciki tun 1916 aka keɓe ta domin baƙin Arewa, kuma kusan a lokaci guda ne aka keɓe Sabon Garin Kano domin baƙin Kudu. Sunan ma ɗaya ne, an gutsure shi ne kawai. Saboda haka, in ji shi, duk abin da za a faɗa a wannan zama sai a riƙa auna shi sau biyu: sau ɗaya a kan Bahaushe Musulmi a Badun, sau ɗaya a kan Ibo Kirista a Kano. Maganar da ta yi daɗi a nan amma ta yi ɗaci a can, to, ba haƙƙi ake nema da ita ba, son kai ne.

Daga nan ya kawo tarihin abin a taƙaice. Ran 10 ga Disamba, 1948, Majalisar Ɗinkin Duniya ta zauna a birnin Faris ta amince da wata takarda mai sashe 30 a kan haƙƙin kowane ɗan Adam. Ƙasashe 48 suka yarda, 8 suka ƙi jefa ƙuri'a, ba wadda ta ce a'a. Sashe na 18 ya yi magana a kan 'yancin addini, na 26 kuwa ya nemi ilmi ya zama hanyar shuka fahimta da haƙuri tsakanin al'ummai da addinai. A 1981 shugabannin Afirka suka yi tasu yarjejeniyar a Nairobi, Nijeriya ta karɓe ta a 1983, kuma sashe na 25 nata ya ɗora wa gwamnatoci nauyin koyar da waɗannan haƙƙoƙi.

Amma ya ce abin da ya fi kusa da masu sauraro shi ne yadda maganar ta shigo dokar ƙasar nan. Tsoro ne ya shigo da ita. Da aka doshi samun mulkin kai, ƙananan ƙabilu na Arewa da Gabas da Yamma suka koka cewa in Turawa suka tafi manyan ƙabilu za su danne su, wasu ta fuskar mulki, wasu ta fuskar addini. A 1957 aka naɗa hukumar bincike ƙarƙashin Sir Henry Willink, ta zaga ƙasa ta saurari koke-koke, a 1958 ta ba da shawara cewa a rubuta haƙƙoƙin kowa a cikin Tsarin Mulki. Aka sa su a na 1960, suka bi ta na 1963 da na 1979, har suka zama Babi na Huɗu a na 1999. Watau tun asali an rubuta su ne domin wanda ba shi da yawa a inda yake. Ya dubi jama'a ya ce, a Jihar Oyo, su wane ne ba su da yawa?

Ya ce akwai masu cewa wannan duk kayan Turawa ne. Bai musa cewa lafazin dokar daga Turai aka aro shi ba. Amma ya tambayi malaman da ke wurin, ina Musulmi na farko suka gudu sa'ad da Ƙuraishawa suka matsa musu? Habasha suka tafi, wajen Najjashi, sarki Kirista. Da Ƙuraishawa suka aiko da kyaututtuka a mayar musu da mutanen, sarkin ya ƙi yanke hukunci sai ya ji ta bakin baƙin, da ya ji kuma ya ƙi ba da su. Ga baƙi, ga masu wani addini, ga sarkin da ya saurare su kafin ya yi hukunci. Kazalika da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya isa Madina a shekara ta 622, an rubuta yarjejeniya wadda ta bar Yahudawa a kan addininsu, Musulmi a kan nasu, tsaron gari kuwa a wuyan kowa. Kowane yaro na Islamiyya ya san waɗannan labarai. Abin da ba a nuna masa ba shi ne cewa suna magana a kan zamansa na yau.

Sai ya shiga sashe na 38 na Tsarin Mulki, inda ya fi daɗewa. Ya ce sashen ya ba kowane mutum 'yancin tunani da addini, ya yi ibadarsa shi kaɗai ko cikin jama'a, a ɓoye ko a fili, ya koyar, ya kuma yi kira zuwa ga addininsa. Ya hana a tilasta wa ɗalibi darasin addini ko ibadar da ba tasa ba, ko wadda iyayensa ba su yarda da ita ba. Ya kuma hana a tare wata al'umma daga koya wa 'ya'yanta addininta a makarantar da ita ke ɗauke da nauyinta. Wannan na ƙarshe, in ji shi, shi ne ginshiƙin kowace Islamiyya da ke Sabo da Agege da Fatakwal.

Ya kawo shari'ar hijabi ta Ikko don a ga dokar tana aiki. Gwamnatin jihar ta hana ɗalibai mata sa hijabi a makarantunta, aka kai ƙara. A 2014 Babbar Kotu ta ba gwamnati gaskiya. Masu ƙara ba su ɗauki sanda ba, suka ɗaukaka, a 2016 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe hukuncin. Gwamnati ta tafi Kotun Ƙoli, ran 17 ga Yuni, 2022, alƙalai biyar cikin bakwai suka tabbatar cewa yarinya Musulma tana da ikon sa hijabinta a makarantar gwamnati. An daɗe, an kashe kuɗi, waɗanda aka fara shari'ar dominsu sun gama sakandare kafin a ƙare. Amma ba a zubar da jinin kowa ba, kuma hukuncin da aka samu ba wani gwamna da zai share shi da baki.

Jama'a suka yi kabbara. Malamin ya bari suka natsa, sa'an nan ya ce to, a juya tsabar. Sashen da ya ba wannan yarinya hijabinta shi ne ya ce ba za a zaunar da yaro Kirista a aji a Gusau ko Dutse a tilasta masa darasin addinin Musulunci ba. Sashe na 43, wanda ya ba kowane ɗan ƙasa ikon mallakar fili a ko'ina, shi ne hujjar Musulmin da ke neman wurin masallaci a Aba, shi ne kuma hujjar Kiristan da ke neman wurin coci a Kano. Koke-koken hana fili kuwa ana jin su daga ɓangarorin biyu. Wanda ya yi kabbara a kan na farko ya ɗaure fuska a kan na biyu, rabin darasi ya ɗauka, kuma rabin darasin nan ne yara ke gada.

Bai ɓoye wurin da ya fi wuya ba. Ya ce sashen ya haɗa har da ikon mutum ya sauya addini, kuma ya san wannan ba ya yi wa kunnen Musulmi daɗi, kamar yadda ba ya yi wa uba Kirista daɗi ranar da ɗansa ya musulunta. Ya ce shi ba fatawa ya zo bayarwa ba, malamai na nan. Abin da ya zo faɗa shi ne, uba yana da ikon yin nasiha, yana da ikon yin fushi da kuka, amma dokar ƙasa ba ta ba shi ikon ɗaurewa ko duka ko kisa ba. Kuma ƙofar da ake so a rufe ita ce wadda masu shiga Musulunci a ƙasar Ibo ke bi su shigo. Ya ƙara da cewa a nan akwai abin koyo daga masu masauki. A gidan Bayarabe sai ka tarar uba Alhaji ne, ƙanwarsa tana zuwa coci, ran Babbar Salla a ci rago tare, ran Kirsimeti a aiko da shinkafa. Ba a ce kowa ya kwaikwayi aurensu ba, amma ɗan Arewa da ya shekara ashirin yana kallon wannan bai ɗauki kome ba, ya yi asarar zama.

Har ila yau ya ce haƙƙi yana da iyaka, kuma dokar da kanta ta faɗa a sashe na 45: ana iya taƙaita shi saboda tsaron jama'a, da zaman lafiya, da lafiyar jiki, da haƙƙin wasu. Saboda haka lasifikar da ke hana unguwa barci har asuba, ko ta coci ce ko ta majalisin wa'azi, ba za ta fake da sashe na 38 ba. Haka mai tare babbar hanya. Nan wasu suka yi murmushi, gama kowa ya san inda maganar ta dosa.

Me ya sa baƙo ya fi kowa bukatar a koyar da wannan? Malamin ya ce saboda shi ne jinginar abin da ake yi a gida. A watan Yuli na 1999 rikici ya tashi a Shagamu a kan bikin Oro, wanda al'adar garin ta hana mata fitowa lokacinsa, aka kashe wata mace Bahaushiya, faɗa ya kaure. Da waɗanda suka tsira suka isa Kano, aka huce a kan Yarabawan da ba su taɓa taka Shagamu ba. A Fabrairun 2000 aka yi rikicin Shari'a a Kaduna, da gawawwaki suka isa Gabas aka far wa 'yan Arewa a Aba. Ran 18 ga Fabrairu, 2006, zanga-zanga a Maiduguri a kan zanen ɓatanci da wata jarida ta buga a Denmak ta rikiɗe, aka ƙone coci-coci, aka kashe Kiristoci. Cikin 'yan kwanaki aka ƙone masallatai a Anacha, aka kashe 'yan Arewa, saura suka tsallake gadar Kwara zuwa Asaba da rigar da ke jikinsu. Mai zanen yana Turai, bai ji ko ƙwarzane ba. Mai sayar da albasa a Anacha shi ya biya.

Ya ce duk waɗannan tunani ɗaya ne ya haife su, watau cewa laifin mutum ɗaya bashi ne a kan duk mai addininsa ko harshensa. Ba sai an je nesa ba. A Fabrairun 2021 gardama tsakanin ɗan dako da mai shago a kasuwar Shasha ta nan Badun ta jawo mutuwar mutum ɗaya, kafin a ankara kasuwa ta ci wuta, an rasa rayuka, dukiyar Hausawa da ta Yarabawa ta zama toka. A can ma ba addini ne ya raba su ba, gama da yawa daga ɓangarorin biyu alƙibla ɗaya suke fuskanta. Darasin farko na haƙƙin ɗan Adam, in ji shi, shi ne kowane mutum kansa yake ɗauke da shi, kuma wannan ba baƙon darasi ba ne ga wanda ya yi karatun allo.

Daga nan murya ta yi ƙasa. Ya ce akwai abubuwa biyu da yake so a ajiye su kusa da juna ko da zuciya ba ta so. A watan Maris na 2025 a Uromi ta Jihar Edo, aka tare motar wasu mafarauta 'yan Arewa da suka taso daga Fatakwal za su gida Salla, aka ce masu satar mutane ne, aka kashe 16, aka ƙone su. A watan Mayu na 2022 a Kwalejin Ilmi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato, ɗalibai suka zargi wata ɗaliba Kirista, Deborah Samuel, da ɓatanci, suka jefe ta, suka ƙone ta. Ya ce ya san zafin ɓatanci a zuciyar Musulmi, kamar yadda ya san tsoron masu satar mutane a zuciyar mutanen Edo. Amma a duka biyun taron jama'a ne ya zama mai ƙara, ya zama shaida, ya zama alƙali, ya zama hauni. Sashe na 33 ya tsare rai, na 36 ya ce wanda ake zargi ba shi da laifi sai kotu ta tabbatar. Majalisar Sarkin Musulmi ta yi tir da kisan Sakkwato tun a lokacin. Wanda ya nemi a yi wa mafarautan Uromi adalci, da wane baki zai ce na Sakkwato daidai ne? Wuri ya yi tsit.

Sa'an nan ya juyo kan yadda za a koyar. Ya ce a makarantun boko akwai darasin zama ɗan ƙasa, amma da Turanci ake yin sa, yaro ya haddace don jarrabawa, ya fito ya manta. Yawancin matasan da ke sauka daga tirela a Ikko da Badun ma ba su taɓa zama a ajin ba. Saboda haka wurin koyarwa shi ne Islamiyya, da zauren Sarkin Hausawa, da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na 'yan acaɓa, kuma da Hausa. Takardar 1948 an riga an fassara ta da Hausa. Rabin sa'a a mako ya isa, in dai da misali za a yi, ba da hadda ba.

A fara, in ji shi, da abin da zai amfani mutum gobe da safe. Sashe na 41 ya ba ɗan Nijeriya ikon tafiya da zama a duk inda ya so a ƙasar, ba wanda zai ce masa ya koma garinsu. Na 42 ya hana hukuma ta bambanta shi saboda ƙabila ko asali ko addini. In an kama shi, sashe na 35 ya ce a sanar da shi dalili a rubuce cikin sa'a 24 da harshen da yake ji, yana da ikon yin shiru har ya ga lauya, kuma a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tsakanin kilomita 40, in babu, kwana biyu. A kotu, in ba ya jin Turanci, dole a ba shi tafinta kyauta. Akwai Hukumar Ba Da Taimakon Lauya ga marasa hali tun 1976, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa tun 1995. Samari nawa ne ke kwance a gidajen yari na Kudu don kawai sun dangwala yatsa a takardar da ba su san abin da ke cikinta ba? Mutumin da ya ga doka ta fid da shi daga hannun 'yan sanda, shi ne zai saurara in an ce masa dokar nan ta kare maƙwabcinsa Kirista.

Bayan wannan sai harshe. Ya ce ba ɗan Arewa a Kudu da bai san ɗacin a kira shi "aboki" ko "mola" da sigar raini ba, kalmomi masu kyau da aka mayar zagi. To, yaron da ya dawo gida yana kuka saboda haka, shi ne kuma yake jin uwarsa tana kiran maƙwabciya "arniya". Ya roƙi iyaye mata musamman su lura, gama makarantar farko a tsakar gida take.

Da aka ba da damar tambaya, wani dattijo dillalin shanu ya miƙe ya ce, "Malam, ka yi magana, Allah ya saka da alheri. Amma ranar da wuta ta tashi a Shasha, wane sashe ne ya zo ya kashe ta?"

Malamin ya ce, "Baba, gaskiyarka. Takarda ba ta kashe wuta. Mutum ke kashewa, shi ma sai wanda aka riga aka koya masa."

Ya ba da misalin Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye na Kaduna, waɗanda suka jagoranci matasa masu gaba da juna. A rikicin 1992 Wuye ya rasa hannunsa na dama, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. A 1995 suka haɗu, suka kafa cibiyar sulhu tsakanin addinai, kuma suna cikin waɗanda suka kai shugabannin addinan biyu ga sa hannu a kan sanarwar zaman lafiya ta Kaduna a watan Agusta na 2002. Ya kuma kawo labarin Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar a ƙaramar hukumar Barikin Ladi ta Jihar Filato. Ran 23 ga Yuni, 2018, mahara suka far wa ƙauyukan yankin, mutane suka gudo. Limamin, yana da shekara 83 a lokacin, ya sa mata a gidansa, maza a masallaci, mutum 262, yawancinsu Kiristoci. Ya fito ya tsaya a gaban masu bindiga ya ƙi buɗe ƙofa, har suka juya. Da aka tambaye shi dalili daga baya, cikin abin da ya ambata har da cewa shekaru da yawa da suka wuce Kiristocin wurin ne suka bar Musulmi suka gina wannan masallaci.

Dattijon ya gyaɗa kai ya zauna. Kafin a tashi, malaman Islamiyya uku suka ɗauki alkawarin fara darasin ran Asabar bayan La'asar, aka kuma wakilta mutum biyu su nemi wani lauya mai jin Hausa ya riƙa zuwa sau ɗaya a wata. Shawarar a gayyato shugaban makarantar mishan da ke maƙwabtaka ya zo da ɗalibansa ta jawo gardama, wasu suka ce a yi, wasu suka ce da sauran lokaci, aka ɗage ta zuwa zama na gaba. Liman ya rufe taro da addu'a.